Furosesar kwamfutar tebur: a sayi AMD ko Intel yanzu, ko a jira Zen 6 da Nova Lake?

Wanda ya tara kuɗi yana son haɗa kwamfutar tebur zai sha shawarwari har su rikita shi. Wani zai ce ya ɗauki Ryzen na AMD ya huta. Wani zai ce ai Intel ta karya farashi, yanzu ita ce araha. Wani kuma zai ce ya riƙe kuɗinsa tukuna, domin sababbin da ke tafe za su mayar da na kasuwa tsohon yayi. Kowannensu na da gaskiya ta wani ɓangare, sai dai galibi suna kallon furosesar (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ita kaɗai, alhali ba ita kaɗai ake saya ba. Tana zuwa da madabod (babban allon kwamfuta) da za ta zauna a kai, da irin RAM ɗin (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da madabod ɗin ke karɓa, da fankar da za ta iya sanyaya ta. Idan ba a haɗa waɗannan a lissafi ba, to ba a yi lissafi ba.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi, kuma kuɗin furosesa da madabod da RAM a haɗe. Farashin da zan ambata a nan na dala ne, wanda kamfanonin suka sanya ranar fitowa. A shago zai bambanta, amma yana nuna matsayin kowace a cikin 'yan uwanta.

Na biyu sauri, kuma sauri iri biyu ne. Akwai na aikin da ke raba kansa ga ƙwayoyin furosesa da yawa (ƙananan sassan cikinta da kowane ke yin nasa lissafin), kamar fitar da bidiyo bayan an tace shi ko zanen gini mai fuska uku. Akwai kuma na aikin da ke dogara kan ƙwaya ɗaya ko kaɗan, wanda ya fi son a miƙo masa bayanai cikin gaggawa, kamar wasannin kwamfuta. Furosesa mai ƙwaya 24 tana iya shan kaye a wasa a hannun mai ƙwaya 8, kuma hakan ya faru.

Na uku tsawon ran soket (gurbin da furosesa ke zama a kan madabod), wato ko bayan shekara uku za ka iya cire furosesar ka sa sabuwa ba tare da ka jefar da madabod ba. Na huɗu wuta da zafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki da inbata ko sola, ko mai zama a ɗakin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Na biyar haɗari: tarihin lalacewa, da ko garanti zai yi maka amfani a inda kake.

Abin da aka tabbatar da abin da ake raɗe-raɗi

A ɓangaren AMD, kamfanin ya bayyana cewa tsarinsa na gaba Zen 6 ne. A watan Afrilun 2025 shugabarsa Lisa Su ta nuna cewa furosesar manyan cibiyoyin bayanai mai laƙabin Venice za a ƙera ta da fasahar nanomita 2 ta kamfanin TSMC na Taiwan, kuma an sa mata 2026. A bikin baje kolin kwamfutoci na Computex na 2024 kuma AMD ta yi alkawarin ci gaba da tallafa wa soket ɗin AM5 har 2027 da bayanta. Batun cewa Ryzen na tebur zai koma ƙwaya 12 a kowane guntu maimakon 8, har babbar ta kai 24, wannan daga masu fallasa bayanai ya fito.

Ita kuwa Intel ta shaida wa masu zuba jari cewa tsarinta na gaba, Nova Lake, na zuwa a ƙarshen 2026. Maganar sabon soket mai suna LGA1954, da ƙwayoyi har 52, da babbar ma'ajiya a cikin furosesar da za ta kara da X3D, furosesoshin AMD masu irin wannan ƙarin ma'ajiya, duk jita-jita ce, ko da yake ta soket ɗin ta yi daidai da al'adar kamfanin. Soket ɗinsa na LGA1200 ya ɗauki tsara biyu ne kawai, LGA1700 ya ɗauki uku, sannan aka zo da LGA1851.

Game da farashi, tarihi ya fi jita-jita amfani. Babbar furosesar Intel ta tsaya a dala 589 har sau huɗu a jere: 12900K a 2021, 13900K a 2022, 14900K a 2023, da Core Ultra 9 285K a 2024. AMD kuwa saukowa ta riƙa yi da mai ƙwaya 16: 5950X ta fito a dala 799, 7950X a 699, 9950X a 649. A ganina wannan saukowar ta zo ƙarshe. Sabuwar fasahar ƙira tana da tsada, kuma manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna layi ɗaya da masu furosesar tebur a gaban masana'antar TSMC, da kuɗi mafi tsoka a hannunsu. Idan an ƙara ƙwayoyi, ina sa ran za a buɗe wani sabon mataki mai tsada a sama, a bar na tsakiya kusa da inda suke. Hasashe ne nawa, a ɗauke shi a haka.

Akwai kuma darasin 2024 da bai kamata a manta ba. Kafin Ryzen 9000 ya fito, AMD ta ce ya fi wanda ya gada da kashi 16 cikin ɗari a aikin da yake yi a kowane bugun agogo. Da ya iso a watan Agusta, bayan an ɗage fitowarsa daga ƙarshen Yuli, masu gwaji suka tarar da ƙarin da aka samu a wasanni ɗan kaɗan ne. A watan Oktoba Intel ta fito da Core Ultra 200S, aka ga a wasanni da dama yana bayan 14900K ɗin da ya zo ya gada. Waɗanda suka yi wata shida suna jiran ɗaya daga cikin biyun nan ba su samu abin da suka yi tsammani ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, musamman ga wanda kwamfutar ce hanyar abincinsa.

AM4: tsoho mai sauran ƙarfi

Ryzen na farko ya hau wannan soket a 2017, kuma ko a Janairun 2024 AMD ta fitar masa da sabuwar furosesa, wato 5700X3D a dala 249. Ryzen 5 5600 mai ƙwaya 6 ta fito a dala 199 a 2022, da fankarta a cikin kwali, tana cikin ajin wat 65. Madabod ɗin B450 da B550 sun cika kasuwa, sababbi da na hannu, kuma RAM irin DDR4, wanda ya riga DDR5 fitowa, suke amfani da shi.

Saurinta ya ishi aikin ofis, zane, rubuta manhaja da tace bidiyo matsakaici. Iyakarta ita ce babu gaba: idan ka kai Ryzen 5000 ka kai ƙarshen hanya. A kula da abu biyu. 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, dole sai da katin hoto, amma 5600G da 5700G suna da shi. Sannan ƙafafun furosesar AM4 a jikinta suke, saboda haka idan ta hannu ce a juya ta a duba ko akwai wadda ta lanƙwashe.

LGA1700: inda ya kamata a yi taka-tsantsan

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aka fi cutar mai saye. Tsara ta 12, 13 da 14 na Intel duk suna hawa wannan soket, kuma akwai madabod mai DDR4 da mai DDR5. Wannan zaɓi na RAM babbar fa'ida ce. Core i5-12400F har yanzu furosesa ce mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma tsara ta 12 ba ta cikin matsalar da zan faɗa.

A 2024 masu amfani da tsara ta 13 da 14, musamman i9 da i7, suka riƙa kokawa cewa wasanni da manhajoji na rufewa haka kawai. Daga baya Intel ta amince cewa furosesar na neman ƙarfin wuta fiye da kima, wanda ke cinye wani sashe na cikinta sannu a hankali. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS (manhajar da ke cikin madabod), mai lamba 0x129 a watan Agusta da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti, ya koma biyar. Gyaran yana hana ɓarna ta faru, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace.

Ga abin da ya sa wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancin kayan da ke shigowa kasuwanni irin Computer Village na Ikeja da shagunan Kano da Kaduna na hannu ne, ko kuma sababbi da aka shigo da su ba ta hannun dillalin kamfanin ba. Furosesar da ta fara lalacewa tana kunnuwa lafiya, ta shiga Windows, ka yi ta latse-latse a shago ba ka ga komai ba. Sai ka kai gida ka ɗora mata aiki mai nauyi sannan ta fara faɗuwa. Garantin shekara biyar kuwa yana buƙatar rasit da hanyar mayar da kaya, abin da mai sayen na hannu ba shi da shi. Don haka ba na ba kowa shawarar sayen 13700K, 13900K, 14700K ko 14900K na hannu, komai arharsu. Sabuwa dal a kwalinta, a kan madabod da aka sabunta BIOS ɗinsa kafin a fara aiki, wannan wani abu ne daban. Amma ko ita, 14900K tana iya jan wat 253 idan ta ɗauki kaya, kuma tana buƙatar babbar na'urar sanyayawa.

AM5: wanda ke da ƙofa a buɗe

Ya fito a Satumban 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. A ƙasa akwai Ryzen 5 7600 da ta fito a dala 229 tare da fanka. A tsakiya akwai 9600X a dala 279 da 9700X a 359, dukansu ajin wat 65, abin da ya sa ko fanka matsakaiciya tana riƙe su. A sama akwai 9950X mai ƙwaya 16.

Tauraruwar gidan ita ce 9800X3D, wadda ta fito a Nuwamban 2024 a dala 479. Ƙwayoyinta 8 ne kawai, amma an liƙa mata ƙarin ma'ajiya har ta kai megabait 96, ta yadda bayanan da wasa ke nema suna kusa, ba sai an je RAM ba. AMD ta ce ta fi 285K da kusan kashi 20 cikin ɗari a wasanni, kuma gwaje-gwaje masu zaman kansu sun tabbatar da cewa ita ce a gaba. Sai dai irin waɗannan gwaje-gwaje da katin hoto mafi tsada ake yin su, domin a tilasta wa furosesa ta nuna iyakarta. Wanda katinsa matsakaici ne ba zai ga wannan tazarar ba, kuma zai fi ƙaruwa idan ya ɗauki 7600 ko 9600X ya zuba ragowar kuɗin a katin hoto. Mai son wasa da aiki mai nauyi a inji ɗaya yana da 9950X3D, da ta fito a Maris 2025 a dala 699.

AM5 ma yana da tabonsa. A Afrilun 2023 an samu wasu 7800X3D da makamantansu sun ƙone saboda madabod na ba su wuta fiye da kima, har AMD ta ƙayyade ƙarfin a bolt 1.3 ta hanyar BIOS. Kuma alkawarin soket ba rantsuwa ba ne: a 2020 AMD ta taɓa cewa madabod ɗin B450 da X470 ba za su ɗauki Ryzen 5000 ba, sai da masu saye suka yi ca sannan ta janye. Duk da haka, a ƙarshe har tsofaffin A320 da B350 sun samu damar ɗaukarsa, kuma wannan tarihi ne da Intel ba ta da irinsa. Wanda ya sayi madabod mai kyau na B650 ko B850 yau yana da dalili mai ƙarfi na sa ran zai ɗora tsara ta gaba a kansa.

LGA1851: ƙarfin aiki a farashi mai sauƙi, amma ba gaba

An yi wa Core Ultra 200S dariya lokacin da ya fito, kuma ina ganin an wuce gona da iri. A wasanni yana baya, wannan gaskiya ne. Amma a aikin da ke cin ƙwayoyi yana da ƙarfi, kuma ya rage shan wuta da zafi idan aka kwatanta da tsara ta 14. Core Ultra 7 265K tana da ƙwaya 20, manya 8 da ƙanana 12. Ta fito a dala 394, sannan a Mayun 2025 Intel ta sauko da ita zuwa kusan 299. A wannan farashi tana karawa ne da Ryzen mai ƙwaya 8, kuma a fitar da bidiyo ko haɗa babbar manhaja ta fi shi nesa ba kusa ba. Wannan ragi shi ne hujja mafi bayyana cewa gasar tana yi wa mai saye aiki.

Masu tace fim suna da ƙarin dalili. Sashen hoton da ke cikin furosesar Intel, mai suna Quick Sync, yana buɗe irin bidiyon H.265 mai nauyi da kyamarorin Sony da Canon na zamani ke ɗauka, wanda ke sa injina da yawa tangal-tangal a manhajar tace fim ta Premiere Pro. Don haka mai wannan sana'a kada ya ɗauki wadda ke da harafin F a ƙarshen sunanta, domin an kashe mata wannan sashe. Raunin gidan shi ne soket. Idan maganar LGA1954 ta tabbata, duk wanda ya so Nova Lake sai ya sake madabod.

| Zaɓi | Misali da farashin fitowa | RAM | Inda ya fi ƙarfi | Makomar soket | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| AM4 | Ryzen 5 5600, dala 199 | DDR4 | Araha, aikin yau da kullum | Ya ƙare | Lanƙwasassun ƙafafu a na hannu |
| LGA1700 | i5-14600K, dala 319 | DDR4 ko DDR5 | Zaɓin RAM | Ya ƙare | Lalacewar tsara ta 13 da 14 |
| AM5 matsakaici | Ryzen 7 9700X, dala 359 | DDR5 | Ƙarancin wuta da zafi | Har 2027 da bayanta | Tsadar DDR5 |
| AM5 X3D | Ryzen 7 9800X3D, dala 479 | DDR5 | Wasanni | Har 2027 da bayanta | Ɓarnar kuɗi in katin hoto ƙarami ne |
| LGA1851 | Core Ultra 7 265K, dala 394 | DDR5 | Tace bidiyo, aiki mai yawa | Gajere | Sake madabod nan gaba |
| Jira | Zen 6, Nova Lake | DDR5 ake sa rai | Ƙarin ƙwayoyi, in ta tabbata | Sabo ko AM5 | Tsadar farko da matsalolin BIOS |

Abin da ya rikita lissafin: RAM

Daga ƙarshen 2025 farashin DDR5 ya yi tashin gwauron zabo. Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma sun karkata ƙarfinsu ga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira inda riba ta fi. A Disamban 2025 Micron ta sanar da cewa za ta rufe sashenta na Crucial mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane. DDR4 ma ya tashi, domin ana rage ƙera shi. Abin da wannan ke nufi shi ne, bambancin dala 50 tsakanin furosesa biyu yana iya zama ƙarami kusa da kuɗin RAM gigabait 32. Wanda yake da DDR4 mai kyau a tsohuwar kwamfutarsa yana riƙe da dukiya, kuma hakan kaɗai na iya zama dalilin zama a AM4 ko tsara ta 12. Mai jiran sababbin furosesa kuwa ba zai kauce wa wannan tsada ba, domin su ma sabon RAM za su nema.

Ga mai saye da naira ko sefa akwai ƙarin abu ɗaya. Kaya sabon fitowa yana isowa da tsada, domin 'yan kaɗan ne ke shigo da shi, kuma watannin farko su ne na gyare-gyaren BIOS. Ranar da aka sanar da furosesa a Amurka ko Taiwan ba ita ce ranar da za ta zama abin saye a hankali a nan ba, sai a ƙara wasu watanni a kai.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi, mai shagon buga takardu, ko ofis mai son inji mai ɗorewa da kuɗi kaɗan: Ryzen 5 5600G a kan B450 ko B550, ba sai an sayi katin hoto ba. Idan akwai katin, 5600 ko i5-12400F.

Wanda ke da kwamfutar AM4 mai Ryzen 2000 ko 3000: ya sabunta BIOS ya sa 5700X ko 5700X3D idan ya samu, ya riƙe RAM ɗinsa. Shi ne wanda jira ya fi yi wa amfani, domin da ɗan kuɗi zai ƙara shekara biyu ko uku, ya ga yadda Zen 6 da Nova Lake za su kaya a hannun wasu.

Mai tace fim, mai ɗaukar bidiyon biki, mai zanen gini, wanda yake son inji yau kuma ba ya da niyyar buɗe shi sai bayan shekara biyar: 265K. Gajeren ran soket ba ya cutar da wanda dama ba zai canja furosesa ba. Idan aikin ya kai a biya ƙarin kuɗi, 9950X.

Mai aiki da sola ko inbata, ko mai ɗaki ba na'urar sanyaya iska: 9600X ko 9700X, a bar su a wat 65 ɗinsu, kada a kunna zaɓin wat 105 da ke cikin BIOS.

Mai wasa da katin hoto babba: 9800X3D, ko 7800X3D idan an same ta da rangwame mai kyau. Mai kati matsakaici: 7600 ko 9600X.

Wanda zuciyarsa ke kan sababbin amma yana buƙatar inji yanzu: ya sayi madabod mai kyau na AM5 da furosesa mai araha irin 7600, ya yi aikinsa. Idan Zen 6 ya fito ya kuma cika alkawari, sai ya sayar da ita ya ɗora sabuwa a kan madabod da RAM ɗin da yake da su. Wanda kuma Nova Lake yake so, ya jira har a fitar da shi, masu gwaji su auna shi, a ga farashin madabod ɗinsa, kada ya sayi LGA1851 da tunanin zai zama masa tsani zuwa can.